Kafintan Kugbo: hannu mai kyau, alƙawari sai mai haƙuri

Tun da na koma ɗaki ɗaya a Garki da ke Abuja, duk matar ofishinmu da ta leƙo sai ta ƙare wa gadona kallo, ta ja durowa ta mayar, sannan ta ce, “Hajiya, wa ya yi miki wannan, nawa kuma ya ci?” Amsar tana da tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta kowa ya karanta. Wani kafinta ne a kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo. Ba zan kama sunansa ba, domin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na so in taɓa wa bawan Allah hanyar abincinsa. In don aikin hannu ne, ko gobe zan sake ba shi. In kuwa don cika alƙawari ne, wannan sai mai haƙuri.

Dalilin tashina ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, 'yan matana biyu suna ɗakunan mazajensu, autana yana karatu a Zariya. Ni kaɗai na rage a filat mai ɗaki uku a Kubwa, kullum ina sharar ɗakunan da ba mai kwana a ciki. Dokar aikin gwamnati kuma shekara 60 da haihuwa ce ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa, tawa ta kusa, ga ɗan ginina a gida ya tsaya a linta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta haye 1,000. Daga Kubwa zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ya fi kilomita 20, safe da yamma. Ana cikin haka mai gidan ya aiko da takarda wai haya ta tashi daga naira miliyan 1.8 ta koma miliyan 3. Ban yi masa gardama ba, gidansa ne. Na fara neman selkon, wato ɗaki ɗaya mai bayi da kicin a cikinsa, a cikin gari, inda ko a ƙafa zan iya kai kaina bakin titi in hau mota ɗaya.

Kafin in shiga maganar kafinta, bari in faɗi lissafin, domin yawancin masu sha'awar ɗakin nan suna zaton rabin kuɗin haya na tsira da shi. A takarda haka ne: miliyan 1.5 a maimakon miliyan 3. Amma sabon ɗan haya a Abuja ba haya kaɗai yake biya ba. Ejan, wato dillalin gida, ya karɓi kashi 10 cikin 100, wato 150,000. Kuɗin lauya da yarjejeniya wani 150,000, ko da yake takardar shafi uku ce kuma ban ga lauyan da idona ba. Kuɗin ajiya saboda ɓarna 100,000. Gadi da kwasar shara da ruwa 120,000 a shekara. Kafin a miƙo mini makulli na fitar da 2,020,000. A ɗora fenti da ragar sauro da akori-kura da 'yan dako, 130,000. Ƙaramin firji da ƙaramar tukunyar gas, 200,000. Aikin kafinta gaba ɗaya, 610,000. Jimilla 2,960,000. Wato a shekarar farko naira 40,000 kacal ta raba ni da wadda ta yi zamanta a Kubwa ta biya ƙarin. Ribar tana cikin kuɗin mota da cefane, da kuɗin kayan da na sayar, da kuma shekara ta biyu, lokacin da babu ejan babu lauya babu kafinta. Wadda ta san shekara ɗaya kawai za ta yi a wuri, ban ga abin da za ta tsinta a wannan wahala ba.

Ɗakin ƙafa 12 ne da 12, bayi a gefe, sai wani ɗan lungu da aka sa wa wurin wanke-wanke aka kira shi kicin. Gadona na Kubwa mai ƙafa 6 da 7 ne. In an shigar da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗakin ya tafi, kafin a zo maganar sif da kujera. Na zaga shagunan kayan waje na Wuse II, kaya masu kyau ƙwarai, amma an yi su ne don falon da yaro zai yi tseren keke a ciki, farashin kuma ba na mai jiran fansho ba ne. Sif ɗin yadi mai ƙarafuna da ake sayarwa a kasuwa na san halinsa tun a ɗakin 'yata na makaranta: leshi biyar masu nauyi sun isa su durƙusar da shi. Gadon ƙarfe na masu walda yana da ƙarko da araha, sai dai ƙarƙashinsa ya zama matattarar jakunkuna da ƙura. Wata abokiyar aikina ce ta ce in je Kugbo wajen wanda ya yi wa ƙanwarta kantocin shago.

Ga wadda ba ta san wurin ba, Kugbo tana kan hanyar Keffi, in an wuce mahaɗar AYA da barikin Mogadishu aka gangara kafin a kai Karu da Nyanya. A je da hantsi. Da sassafe hanyar ta cika da masu shigowa gari, da yamma kuma masu komawa Nyanya da Maraba sun toshe ta. Daga bakin titi jeren kujeru da gadaje ne masu walƙiya, yara suna tare mutum kowa na ja. Aikin gaske yana can ciki, inda ƙarar injin yanka ba ta barin a ji magana, garin katako kuma ya rufe ƙasa har idon sawu. Rumfar mutumin nan ba ta da wani fasali: kwano huɗu, benci, yara uku masu koyon aiki. Ɗan Kaduna ne, ya ce a Panteka ya koyi sana'ar. Na nuna masa hotunan da na tara a waya, ya duba biyu ya miƙo mini wayata.

“Hajiya, hoto ba ya gaya mini faɗin ƙofarki. Sai na ga ɗakin.”

Zuwansa ɗakin nan shi ne abin da ya fi komai daraja a cikin 610,000 ɗin, kuma kuɗin mota kawai ya karɓa. Ya zo da tef ɗin awo da alli da wani tsohon littafin makaranta. Ya auna bango huɗu, ya auna daga tayil zuwa silin a kusurwa biyu, ya ce ɗaya ta fi ɗaya da kusan inci guda, magina sun yi halinsu. Ya auna ƙofa, ya buɗe ta har ƙarshe ya zana da alli iyakar inda take kaiwa. Ya shafa bangon da ya haɗa da bayi da bayan hannunsa, ya ce yana da danshi, ba za a jingina masa katako ba. Ya ƙirga wuraren jona wuta don kada sif ya rufe su. Sannan ya juyo ya yi mini tambayar da babu mai shagon kayan waje da zai yi:

“Ina kike fuskanta in za ki yi salla?”

Na nuna masa, gabas ta ɗan karkata arewa. Ya ce in shimfiɗa sallayata. Na shimfiɗa. Ya zagaye ta da alli, ya bar wajen taku ɗaya a gaba da baya, ya ce nan ba abin da zai taɓa shi. Daga nan ya fara zana sauran a ƙasa: gado a nan, kansa ta wannan ɓangaren don kada ƙafata ta miƙe wa alƙibla, sif a can, tebur a ƙarƙashin taga. Da ya gama sai ya ce in taso daga “gadon” in tafi bayi kamar cikin dare an ɗauke wuta, ba tare da na taka alli ba. Na taka. Ya goge da ƙafarsa ya rage tsawon sif ɗin da inci 6. Ya ce in tsuguna kamar ina jan durowa, ya ga bayana zai bugi tebur, ya matsar da shi. Ni da shekaruna ina ta zagaye a ɗakin da ba komai a ciki, yaronsa yana ƙunshe dariya. Amma a wannan yini na san abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba, tun ban sayar da ko cokali ba.

Abin da muka tsayar uku ne da 'yan ƙanana. Na farko gado mai ɗaukar katifa ƙafa 4 da rabi da 6, wadda dama akwai ta a ɗakin 'yan mata, don haka ban sayi sabuwa ba. Ya ɗaga shi sama ya yi masa manyan durowoyi huɗu a gefen da ke kallon tsakar ɗaki. Ɓangaren bango, inda durowa ba za ta jawu ba, ya yi masa murfi ta sama, sai an ɗaga katifa, a nan bargo da kayan sanyi da akwatin takardun gida suke. Na biyu sif mai tafiya har silin, ƙofofinsa masu zamewa gefe ne, ba masu buɗowa su ci wuri ba. Na uku tebur da ke maƙale a bango, a ɗaga shi a ci abinci ko a yi guga, a gama a sauke. Sai kantoci biyu a kicin da ƙaramin maratayin hijabi a bayan ƙofa.

Wurin durowoyin nan ne na san mutumin yana aiki da kai. Ya ce in ba shi atamfa ɗaya a ninke yadda na saba ninkewa, da leshi ɗaya, da mayafi. Ya auna su. Durowar ta fito daidai layi uku na atamfa, ba ragowar wurin da zai tafi a banza. Ya ba ni shawara in riƙa jera su a tsaye gefe da gefe maimakon ɗora wata kan wata, don in na jawo in ga kowace. Duk macen da ta taɓa rushe tulin zannuwa don neman ɗaya da ke can ƙasa, ana mata hon a waje, ta san amfanin wannan. Na so ya bar mini wasu kantoci a buɗe don ado, ya ce a'a, ɗakin da ake soya albasa da daddawa taku huɗu daga gado, duk abin da ba a rufe ba zai sha ƙauri. Gaskiyarsa. Ko da ƙofofin, ranar da na yi miyar kuka sai na bi kayan da turaren wuta.

Allon da aka yi aikin da shi, tare muka je muka saya, kuma ina ba kowa shawarar haka. Faifai ɗaya ƙafa 4 ne da 8. Akwai MDF, wanda garin katako ne aka matse da gam, ya fi araha, fuskarsa sumul, amma ruwa na taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma in aka kwance sukuru aka sake ɗaurawa ba ya kamawa. Akwai wanda 'yan kasuwar ke kira HDF, ya fi tauri da tsada. Da ledar da ke jikinsu ba a bambance su, sai an duba bakin yanka. Shi ya sa wadda ta ba da kuɗi a dunƙule ta koma gida ba ta san abin da aka sa mata ba sai damina ta zo. Mun ɗauki faifai 7 a kan 38,000 kowane, 266,000 ke nan. Katakon malaina na ƙashin gado 60,000. Hinji da hannaye da ƙarafunan durowa da na ƙofa da ledar bakin allo 94,000. Yanka a inji da dako 40,000. Kuɗin hannunsa 150,000, daga 200,000 da ya fara faɗa. Ya nemi kashi 70 na kuɗin hannu kafin alƙalami, na ce rabi, sauran sai an ɗaura. Ya ɗan ɓata rai ya karɓa.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa tun farko, shi ne komai ya zama na kwancewa. Ni 'yar haya ce, kuma nan da 'yan shekaru in Allah Ya kai mu kayan nan Zariya za su. Yawancin kafintoci ƙusa da gam suka fi so don ya fi sauri, in an tashi tashi sai a fasa. Shi ya yi sif ɗin gida uku, kowane yana tsayuwa da kansa, noti ya haɗa su. Gadon ma haka. Ya rubuta lamba da fensir a bayan kowane ɓangare. Ya kuma ɗora sif ɗin a kan ƙafafun roba masu tsawon inci 4, don ruwan goge ɗaki kada ya taɓa allon. Bai ƙara mini ko sisi a kan wannan ba.

Yanzu ga inda muka saɓa. Ya ce mako biyu. Wata ya mutu, wani ya kama, ina kwana a katifa a ƙasa, kayana a ƙulle cikin jakunkunan Ghana-must-go har kusa da silin, in zan fita aiki sai na kwance uku kafin in haɗa zani da ɗankwalinsa. In na kira, yau an ɗauke wuta a wajen masu inji, gobe yaronsa ba lafiya, jibi wayar a kashe. Ranar wata Asabar na tafi ba sanarwa. Na tarar da allunana a yanke a jingine, ƙura ta hau su, shi kuwa yana kan wani makeken gado mai allon kai kamar ƙofar fada, ana manna masa madubai. Kayan amarya ne, biki saura kwanaki. Na gane lissafinsa: saitin amarya kuɗinsa ya ninka nawa sau da yawa, kuma uwar amarya za ta zo ta zauna masa a rumfa har dare. Ni mai aikin gwamnati sai waya.

“Malam, wannan shi ne wutar da aka ɗauke?”

“Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi kin fi ƙarfin haka a wurina. Mutanen nan ne suka matsa.”

“To ni ma na zo matsawa. A ba ni kujera.”

Na zauna har la'asar. A makon aka kawo kaya. Da na biya shi duka tun farko, Allah kaɗai Ya san ranar. Wadda za ta ba shi aiki, ko wani irinsa, ta guji bayan Sallah da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke yawa, kuma kada ta saki tsohon gidanta da zaton ranar da ya faɗa ita ce ranar. In da hali a bar mako biyu ko uku tsakanin karɓar sabon makulli da mayar da tsohon.

Ƙorafi na biyu ƙarafunan durowa ne. Wannan ɓangaren shi na bar wa saye, don ban san kansu ba. Biyu ya sa masu kyau, masu ƙwallaye a ciki, suna tafiya ba ƙara. Biyu kuma ya sa na gwangwani. Ba a jima ba wadda na cika da leshi ta lanƙwashe, durowar ta karkace ta ƙi shiga. Araha ba ta ado, balle a ce kuɗin mai kyau aka biya. Na kira shi, wannan karon ya ɗauka, ya zo da kansa ya canza duka biyun, bai nemi komai ba, bai kuma yi musu ba. Ya ce waɗancan ne suka ƙare a shagon ranar. Na karɓi uzurin, amma da ya gaya mini tun ranar da ya ɗaura. Sauran ƙanana ne: ledar bakin kanta ɗaya a kicin ta fara ɗagowa saboda tururi, yaransa sun goge mini sabon fenti a wuri biyu wajen shigar da sif, kuma warin gam ya yi kwanaki sai da na riƙa barin taga a buɗe. Teburin bangon kuwa huda shida aka yi masa. Na nemi izinin mai kula da gidan ta saƙon waya, na kuma ajiye amsarsa, domin na san ranar tashi a kan irin waɗannan ramukan ake cinye wa mutum kuɗin ajiyarsa.

Sayar da tsofaffin kaya wani darasi ne daban. Saitin kujeru, teburin cin abinci mai kujera shida, babban gado da sif ɗinsa, firiza, janareto, kafet biyu, duka 850,000 suka kawo. Kujerun kaɗai in za a yi sababbinsu yau sun fi haka. Na'urori sun fi saurin tafiya: firiza da janareto autana ya sa hotonsu a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, kwana kaɗan aka ɗauke. Kayan katako kuwa kowa ya zo sai ya taya kamar yana yi maka alfarma, don ya san kai ne ke da ranar tashi. Tarkacen kicin da zannuwa wata dillaliya na kira, irin masu shiga gida-gida. Tana da gaskiya, amma kuɗinta a gutsure yake zuwa, yau dubu goma, wani mako dubu bakwai, bayan ta cire la'adarta. Kada a sa kuɗin dillaliya a lissafin biyan ejan.

Firizar ta ba ni tausayi, amma ba ta da wuri, kuma ba ta da kuɗin wuta. Layin wutarmu na nan yana rukunin A na kamfanin lantarki, waɗanda a watan Afrilun 2024 aka mayar musu da yunit ɗaya naira 225, kafin a ɗan rage. Mitata mai kati ce, ni kaɗai, wanda shi ma sharaɗi ne da na kafa wa ejan, don ba zan yi rabon kuɗin wuta da mai na'urar sanyaya ɗaki biyu ba. Da ƙaramin firji da fanka da dutsen guga abin yana zuwa da sauƙi. Sai dai na daina sayen rabin rago ko kwandon tumatir a markaɗa a daskare. Yanzu cefanen mako nake yi, wanda a kan kowane mudu ya fi tsada. Tukunyar gas ma daga mai kilo 12.5 na koma mai kilo 6, kafintan ya bar mata gurbi a buɗe kusa da tagar kicin, ya ƙi yi mata ƙofa, ya ce gas da wurin kwana iska ɗaya suke sha, in ta yi yoyo gara a ji da wuri.

Abin da ya fi wuya ba shi da farashi. Kwallaye da kumbunan da aka yi mini jere da su, waɗanda mahaifiyata ta tara tun ina 'yar firamare, rabonsu da abinci tun kafin a haifi autana, amma kowane tashi sai na nannaɗe su a jarida na tafi da su. Wannan karon na raba wa 'yan matan, kowace ta ɗauka tana cewa “Mama, ina zan kai wannan?” Na ce inda na kai shi shekara talatin. Guda ɗaya na riƙe, kafintan ya bar mata wuri a saman sif. Littattafan marigayi na kai wata Islamiyya a Kubwa. Anko kuwa, da na baje su a tsakar falo sai da kunya ta kama ni: na bikin 'yar wance, na sunan jikan wane, wasu sau ɗaya suka ga rana. Abin da durowa huɗu da sif suka ɗauka shi na riƙe, sauran ya tafi gida wajen masu buƙata. Keken ɗinkina ne kaɗai na yi wa taurin kai. Malam ya ce ba wuri, na ce a nemo. Ya cire kan ya yi masa akwati mai hannu, ƙafafun ƙarfen suka tafi Zariya, in zan yi ɗinki in ɗora a teburin bango in juya da hannu.

Akwai kuma maganar baƙi, wadda duk ɗan Arewa mai gida a Abuja ya sani. Mai neman biza, mai ganin likita a Asibitin Ƙasa, mai zuwa tantancewar aiki, mai bin fanshon mijinta, duk gidanka ne masauki, kwana biyu ya zama mako biyu. Na yi wannan hidimar shekara da shekaru, ban yi da-na-sani ba, Allah Ya karɓa. Amma rabin buhun shinkafa da ke ƙarewa a wata yanzu yana kai ni wata uku. Wasu a dangi sun ji haushi, har an ce wai na gudu ne. Wata yayata ta ce mace mai shekaruna a ɗaki ɗaya kamar ɗaliba, abin kunya ne. Na ce Yaya, ranar da aka yi rufin gidan Zariya ki zo ki zaɓi ɗaki. Ban dai rufe ƙofa gaba ɗaya ba: tsakanin sif da bangon nan mai danshi kafintan ya bar tazarar inci 8, iska na wucewa, kuma siririyar katifa a cikin ledarta tana tsaye a wurin. Mace ɗaya za ta kwana a wurin sallayata. Namiji kuwa, har autana in ya zo hutu, gidan kawunsa a Lugbe.

Zaman kansa da daɗi, in faɗi gaskiya. Shara da goge-goge kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Abin da ke damuna ɗaya ne, rashin kujera mai jingina. Baƙuwa a bakin gado take zama, ni a kan ɗan tim-tim, kuma gadon saboda durowoyi ya yi tudu, mai gajeren ƙafa sai ta ɗan yi tsalle. Mai ciwon gwiwa ta ce a rage zurfin durowa, ko a yi mata ɗan matakin hawa. Saman sif ɗin ma sai da kujerar roba nake kai wa, don haka abin da ba a nema sai shekara-shekara ake sa wa can.

Kafintan nan ya dace da wadda ke da ɗaki mai wuyar sha'ani, mai lungu ko karkataccen bango, wadda kuma za ta iya zuwa Kugbo da ƙafarta ta zauna a kan aikinta. Wadda ke son ta turo kuɗi ta waya a kawo mata kaya ranar da aka ce, ta nemi babban shago ta biya kuɗin tsarinsu. A kira shi ya auna kafin a sayar da komai, in da hali ma kafin a biya haya, domin akwai ɗakin da ko shi ba zai iya yi wa dabara ba. A sayi allo tare da shi, a riƙe ƙarfen durowa a hannu a ji nauyinsa, a rubuta awo da farashi a takarda kowa ya riƙe ɗaya, rabin kuɗin hannu kuma ya kwana a jaka har sai an ja kowace durowa an mayar.

Yanzu saura ɗan benci mai murfi da nake so a bakin ƙofa, a zauna a kai a sa takalmi, takalman kuma su shige ciki. Ya zo ya auna, ya ce 45,000, mako ɗaya. Na ce to, Malam, in ka gama ka kira ni in zo da kuɗin.